Yadda Ake Haɗa Mashaya da Abincin Jawo Malam-Buɗe-Littafi a Lambun Gida a Makka, Jidda da Ɗa'if

Duk wanda ya taɓa bin gefen kwari a Hada ko Shafa, garuruwan kan dutse da ke kusa da Ɗa'if, bayan an ɗauke ruwan sama ya ga abin da idonsa: malam-buɗe-littafi farare da rawaya sun yi cincirindo a kan danshin ƙasa, fukafukai a tsaye, babu mai motsi. Ba ƙishirwa kaɗai ta tara su ba. Ruwan furen da suke sha kusan sukari ne zalla, ganyen da suka ci suna tsutsotsi ma gishirinsa kaɗan ne. A laka da kashin dabbobi suke samun gishirin. Yawancin waɗanda ke zama a wurin maza ne, domin namiji yana miƙa wa mace wani kaso na gishirin lokacin barbara, ita kuma ya shiga ƙwayayenta. Wasu kuma ba ruwansu da laka sosai, ruɓaɓɓun 'ya'yan itace ne abin sonsu.

Na daɗe ina kula da lambunan mutane a Ɗa'if, na kuma haɗa wa 'yan'uwa irin wannan mashaya a tsakar gidajensu a Makka da kan soraye a Jidda. Abin da nake fara gaya wa kowa shi ne: danshi suke so, ba ruwa ba. Malam-buɗe-littafi ba ya sauka a kan ruwa kwance. A ƙasar nan rana tana shanye danshi kafin azahar, in kuma ka cika ruwa don gudun haka, sauro ka yi wa gida. Tsakanin waɗannan biyun duk aikin yake.

Kayan da za ka tanada

Mazubi mai faɗi marar zurfi, faɗinsa santimita 40 zuwa 50, zurfinsa 5 zuwa 8. Kaskon da ake sawa ƙarƙashin tukunyar shuka ya fi, ana samunsa a kowane mashtal, wurin masu sayar da dashe. Tsohon farantin roba ko bahon da aka yanke bakinsa ma ya yi. Tiren ƙarfe ko na alminiyam kada ka ɗauka: yana ɗaukar zafi, gishiri kuma yana cinsa.

Yashi mai ɗan kauri, na kwari ko na gini, kamar rabin bokiti. Ƙasar lambu kwano guda. Busasshen takin awaki, tumaki ko raƙumi wanda ya daɗe, cikin tafi ɗaya. Duwatsu masu shimfiɗaɗɗen baya uku ko huɗu. Gishirin girki. Gorar ruwa ta roba mai lita 1.5, ko ƙaramin tulun ƙasa wanda ba a shafa masa fenti ba. Allura, ƙusa, da tsumman auduga.

Na ɓangaren abinci: ayabar da ta nuna har ta yi baƙi, da duk abin da ya lugwigwice na mangwaro, gwanda, gwaiba, ɓaure ko kankana. Ba sai ka saya ba. Mai kayan marmarin unguwarku ko 'yan kasuwar kayan gwari za su ba ka abin da za su zubar. Sai ƙaramin faranti, waya ko igiya, man basilin ko giris, sabon soso, farin sukari, da guntun raga.

1. Zaɓen wuri

Nemi inda rana ke bugawa daga fitowarta zuwa hantsi, inuwa kuma ta rufe shi daga walaha zuwa la'asar. Gabashin katanga ko gabashin bishiya ke nan. Jikin malam-buɗe-littafi ba ya ɗumama kansa, sai ya sha hantsi yake iya tashi da kyau, amma zafin tsakar rana na Makka, wanda ke wuce digiri 40 a bazara, shi ma gudunsa yake yi. A Ɗa'if, da yake garin yana kan dutse sama da mita 1,600, kana iya barin mashayar ta ƙara samun rana.

Wurin ya kasance iska ba ta kaɗa shi, kuma kusa da furanni in kana da su. A ƙasa za ka ajiye, ko ka ɗan tona ka binne mazubin bakinsa ya yi daidai da ƙasa, wannan yana rage zafi. In gidan akwai kyanwoyi, kamar yawancin unguwanninmu, ɗora shi a kan bulo biyu a fili, nesa da inda kyanwa za ta laɓe. Ka nisanta shi da gindin lemo, don lemo ba ya jure gishiri, kuma rarar ruwan mashayar can za ta gangara.

2. Haɗa ƙasar

Kafin komai, huda mazubin a gefe da ƙusa mai zafi, rami biyu ko uku, kimanin faɗin yatsa ɗaya ƙasa da inda saman yashin zai tsaya. Wannan hudar ita ce ke hana ruwa kwanciya ko da yaro ya zo ya juye buta guda a kai. Kaskon ƙasa yana da wuyar hudawa ba tare da ya fashe ba, sai ka cika shi da yashi har ya ɗara bakinsa.

Wanke yashin sau biyu in na gini ne, saboda ƙurar siminti. Haɗa kashi uku na yashi da kashi ɗaya na ƙasar lambu, ka marmashe takin a ciki. Zuba a mazubi, ka karkata shi: gefe ɗaya tudu, ɗayan ɗan gangare. Ta haka za a samu wuri mai jiƙa sosai da wuri mai ɗan danshi, kowanne ya zaɓi nasa. Dasa duwatsun rabinsu a binne.

Takin kaji ko na tattabaru bai dace ba, wari da ƙuda yake kawowa. Ɗanyen kashin dabba yana jan malam-buɗe-littafi ƙwarai, ba ƙarya, amma a gona ake wannan, ba a tsakar gida inda maƙwabta ke shan iska ba. In babu taki sam, ƙasar da ke ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye ta wadatar. Takin zamani kada ya shiga.

3. Gishiri da jiƙon farko

Narka gishiri cikin cokalin shayi ɗaya a ruwa lita 2. Zuba a hankali daga gefen gangaren har yashin ya ƙoshi. Gwajinsa da yatsa ne: danna, in ramin ya yi ƙyalli amma ruwa bai taru a ciki ba, ya yi daidai. In ka ga fuskarka a samansa, ruwa ya yi yawa, ƙara yashi.

A nan yawancin masu farawa suke ɓata aikin. Suna ganin tunda gishiri ake nema, to a ƙara kullum. Ruwa yana tashi da zafin rana, gishiri ba ya tashi, yana nan yana taruwa. Bayan jiƙon farko ruwa zalla za ka riƙa ƙarawa. Da ka ga farin ɓawo ya fito a saman yashin ko jikin duwatsun, ya yi yawa: kwarara ruwa mai yawa ya fita ta hudar, ka bar shi haka ba ƙari.

Irin ruwanka ma yana da magana. Ruwan famfo na Jidda da Makka mafi yawansa tacaccen ruwan teku ne, gishirinsa kaɗan, don haka ma'aunin da na faɗa ya dace da shi. Ruwan rijiyar gona da ka ɗanɗana ka ji zartsi ba ya bukatar ƙarin komai. Ruwan alwala da aka tara a baho yana da kyau, muddin sabulu bai taɓa shi ba. Ruwan wanki ko na wanke-wanke kuwa kashe ƙwari yake yi.

4. Riƙe danshin

Mashayar da ta bushe da ƙarfe goma na safe ba ta da amfani, domin daidai lokacin ne suke yawo. Akwai hanyoyi uku, ka duba wadda ta dace da gidanka.

Ta farko gora ce. Huda murfinta da allura, rami ɗaya tak, ka sake huda ƙarami a gindinta don iska ta shiga. Cika ta, kife ta a gefen tudun ka tokare da duwatsu, ko ka rataye ta a sama tana ɗiga. Ɗigo ɗaya a cikin daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar ya isa a hunturu. In ta cika gudu, cusa zaren auduga a ramin. Naɗe gorar da tsumma ko buhu don kada rana ta dafa ruwan ko gansakuka ta toshe ramin.

Ta biyu, wadda na fi so, tulun ƙasa. Binne gindinsa a tsakiyar yashin, cika shi da ruwa, ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikinsa daidai yadda yashin ke bushewa. Babu toshewa, babu ambaliya, yana kuma sanyaya wurin. Sharaɗinsa ɗaya: bakin tulun a rufe ruf, da murfi ko tsumma ɗaure da igiya.

Ta uku ta mutanen Jidda ce. Mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, tana zubar da ruwa mai yawa saboda laimar garin, ruwan da ke tafiya a banza a jikin bango. Ja tiyonsa zuwa gefen tudun mashayar. Sai dai ka tuna abu biyu: ruwan ba shi da gishiri ko kaɗan, kuma yawansa yana wanke wanda ka sa. Don haka a wannan hanyar kaɗai za ka riƙa barbaɗa gishiri ɗan tsunkule sau ɗaya a mako, ka kuma tabbatar rarar tana shiga ƙasa tana nutsewa, ba ta taruwa a kan tayil.

In duk babu, zuba kofi biyu bayan sallar asuba, ka ƙara ɗaya da hantsi. Matan gida da yara sun fi riƙe wannan a kan mu masu fita aiki.

5. Batun sauro

Wannan ba abin wasa ba ne. Zazzaɓin dengi sananne ne a Jidda tun 1994, ya kuma kai Makka da Jizan. Sauron da ke ɗauke da shi, mai zanen fari a ƙafa, a tsaftataccen ruwan da ke kwance cikin mazubai yake ƙwai, ko da cikin murfin kwalba ne, kuma cikin kamar mako guda ƙwan ya zama sauro. Ma'aikatan baladiyya, wato hukumar gari, da ke zagaye, irin wuraren nan suke nema, kuma da gaskiyarsu.

Kowace Juma'a ɗaga mazubin ka duba ƙarƙashinsa, duba inda rarar ke zuba, duba bakin tulu. Bar yashin ya bushe ƙayau yini ɗaya a mako, ka goge gefen mazubin na ciki da soso, don ƙwan wannan sauro yana manne wa bango kuma yana jure bushewa. Ranar da motar feshi ta shigo unguwa, rufe mashayar da kwali, ka shigar da farantin abinci ciki. Maganin da ke kashe sauro ba ya tambayar sunan ƙwaro.

6. Abincin 'ya'yan itace

Tsaga ayaba biyu a tsaye, bar su a cikin ɓawonsu, ka dama cikin da cokali mai yatsu har ya yi ruwa-ruwa. Bakin malam-buɗe-littafi siririn bututu ne da yake naɗewa, tsotsa kawai yake yi, ba ya cizo. Abin da bai jiƙe ba, ba zai ci ba. Ƙara yankan mangwaro ko kankana a gefe, ka yayyafa ruwa kaɗan. Rufe da raga ka ajiye a inuwa yini ɗaya, har ƙamshin tsami-tsami ya fara tashi. Ƙamshin nan ne ke kiransu daga nesa. In ayabarka ba ta nuna sosai ba, sa ta a firiza ta kwana, da ta narke za ta yi lugub.

A wasu ƙasashe da giya ake kwaɓa wannan abinci. Mu nan ba ruwanmu da ita, addini ya hana, doka ta hana, kuma ba a bukatarta. Kada ma ka zuba yis ka toshe a kwalba don ya yi ƙarfi. Zafin garin nan ya isa ya ruɓar da ayaba a buɗe.

Huda gefen farantin wuri uku, ɗaura waya, ka rataye a reshe daidai ƙirjinka, cikin inuwa mai ratsin rana, taku biyar ko fiye daga mashayar don kada tururuwar wannan ta mamaye wancan. Yayyafa ruwa duk safiya. A Makka da Jidda canja abincin kowane kwana biyu, a Ɗa'if yana kai uku. Da ya yi furfura ko ka ga tsutsar ƙuda, ɗaure a leda ka zubar, ka wanke farantin.

Dabino fa? Jiƙaƙƙen dabino da ruwan dabino mai kauri suna ja sosai, amma in akwai bishiyar dabino a gidan ko a maƙwabta, kada ka kuskura. Jan ƙwaron nan mai huda kututturen dabino, wanda ya shigo ƙasar ta yankin Ƙaɗif a ƙarshen shekarun 1980 ya kuma addabi manoma, warin dabino mai tsami yana jansa, har da shi ake haɗa tarkonsa. Haka nan kada ka rataye ruɓaɓɓen abu a jikin mangwaro ko gwaiba mai 'ya'ya, saboda ƙudan da ke huda 'ya'yan itace. In a gonar wani kake aiki, tambayi mai gona tukuna.

Wata gaskiya kuma: masu cin 'ya'yan itace sun fi yawa a kan duwatsu, daga Ɗa'if a yi kudu zuwa Baha da Abha, inda akwai itatuwa. A tsakiyar Makka mashayar laka da furanni sun fi farantin ayaba kawo baƙi.

7. Ruwan sukari

Na lokacin da furanni suka yi ƙaranci ne. Sukari cokali 1, ruwa cokali 9, tafasa kaɗan ka bari ya huce. Jiƙa sabon soso mai launin ja, rawaya ko ruwan goro, ka ɗora a faranti ba tare da ruwan ya kwanta a gefensa ba. Wanke soson kullum. In sukarin ya yi kauri yana danƙare musu baki da ƙafa. Zuma kada ka sa, tana iya ɗauke da cutar da za ta kama ƙudan zuman da suka zo sha.

8. Damin ramram

Wannan dabara ce ta musamman don babban nan mai ruwan goro da baƙin gefe da ɗige-ɗigen fari, wanda tsutsarsa ke cin ganyen tumfafiya. Mazansa suna neman wani sinadari da ke cikin busassun ciyayi irin ramram, da shi suke haɗa ƙamshin jan mace. Ciyawar tana fitowa a kangon filaye da bakin hanya, ganyenta kaushi da gashi-gashi, 'yan fararen furanninta a jere kan kara mai lanƙwasa kamar wutsiyar kunama. Tuge dami guda har saiwa, bar shi ya yi yaushi kwana biyu, ka rataye a inuwa kana fesa masa ruwa da safe. Rataye shi inda akuya ba za ta kai ba, yana lalata hantar dabba.

9. Ɓarayin abinci

Kiyashi da tururuwa su ne na farko. Shafa basilin ko giris a jikin wayar, tsawon yatsa, ka sabunta in ƙura ta rufe shi. Wasu suna sa ƙafar teburi a cikin gwangwanin ruwa, ni ban yarda da wannan ba, gidan sauro ne. Rina da ƙudan zuma za su zo, in sun yi yawa ko akwai ƙananan yara, ɗauke ruwan sukarin na 'yan kwanaki. Hankakin Jidda yana iya sauke faranti gaba ɗaya, maganinsa ragar waya mai manyan idanu a kife a sama, wadda bakin malam-buɗe-littafi zai kai ga abincin ta cikinta. Da magariba shigar da farantin, saboda ɓera da kyankyaso.

Mutanen Hada da Shafa da gefen Ɗa'if kuwa, inda gwaggon biri ke saukowa cikin gari, shawarata ku bar batun 'ya'yan itace gaba ɗaya. Garken da ya sami ayaba a gidanka sau ɗaya ya riga ya san hanya. Mashayar laka da damin ramram ba su dame shi ba.

10. In ka yi duk wannan ba su zo ba

Ba su mako biyu. Mashaya ba ta ƙirƙirar malam-buɗe-littafi, wanda ke unguwar take tsayarwa. In babu kowa, duba lokaci: a Makka da Jidda daga Nuwamba zuwa Afrilu ne kakarsu, musamman bayan an yi ruwa ciyawa ta fito. A Ɗa'if kuwa sanyin Disamba da Janairu yana rage su, sai daga Maris abin ke kankama.

Daga nan duba shukokinka. Fure yana ciyar da babba: zogale, lalle, kurna, ɗoɗɗoya da na'ana'a da aka bari suka yi fure, da barsim, ciyawar da ake noma wa dabbobi, in kana da fili. Amma abin da ke zaunar da su shi ne ganyen da uwa za ta yi ƙwai a kai, kuma kowanne da nasa, da ƙafarta take ɗanɗana ganyen ta gane shi. Mai ruwan goro, tumfafiya. Babban baƙi mai zanen rawaya, lemo. Rawaya-rawaya da fari masu saurin tashi, filasko da danginsa. Ƙananan nan masu ruwan ƙasa-ƙasa da hoda, itacen asuwaki. 'Yan mitsi-mitsi masu shuɗi, kurna da magarya. Tumfafiya ɗaya a lungu ta isa, sai dai a ja wa yara kunne, farin ruwanta yana yi wa ido mummunar illa.

Wanda ke son babba dole ya haƙura da tsutsa. A kan babban lemo ɓarnarta ba ta kai ta kawo ba. A kan ƙaramin dashe, cire ta da hannu ka mayar kan babbar bishiya maimakon feshi. Masu rumman a Ɗa'if ba sa ga-maciji da wani ƙarami wanda tsutsarsa ke shiga cikin ɗan rumman ta ruɓar da shi. Sa wa 'ya'yan jakar takarda ko ta yadi tun suna ƙanana yana kare su ba tare da an kashe sauran ba.

Daga Yuni zuwa Satumba a Makka da Jidda ba sai ka wahalar da kanka da abinci ba, bar tulun kawai in kana gida. In za ka yi tafiyar da ta wuce kwana uku, ko aikin Hajji zai ɗauke ka daga gida, juye yashin a buhu, wanke mazubin da tulun, ka kife su a inuwa. Yashin yana sake amfani, amma in ka dawo da shi kada ka ƙara gishiri sai ka jiƙa shi ka ga ko farin ɓawo zai fito.